Inabin da Ya Ƙi Barci

Ni dai ganyen na fara gani, kuma kasuwa na hango. Na shiga wani tsohon gida a unguwar Sa'alaba ta Jidda zan sauke wa wata mata kwandon tumatir, na ɗaga kai sai na ga babu sama. Ganye ya rufe tsakar gidan kaf, ya kama bango ya hau bene, ya bi igiyar shanya har ya leƙa gidan maƙwabta. Kowanne ya kai tafin hannu. Na tsaya ina ƙirga na reshe ɗaya, na kai arba'in da wani abu, sai wani tsoho da ke zaune a kan tabarma ya yi gyaran murya.

"Samari, tumatirinka na ɗiga."

"Baba, wannan ai inabi ne! Ka san yadda mutanen Sham ke neman ganyen nan su naɗe shinkafa a ciki? Ni nake kai musu kaya a Abhur."

"Ba na sayarwa ba ne."

"To 'ya'yan fa?"

"Ba ta taɓa yi ba."

Haka na san Baba Na'ibi. Sunana Muktar, direba ne ni, ina ɗauko kayan lambu daga halaƙa, wato babbar kasuwar sari, ina rarrabawa. Baba bai taɓa kirana Muktar ba, Muntari yake cewa, irin na gida. Daga ranar nan duk lokacin da hanya ta biyo da ni kudancin Jidda sai na tsaya, matarsa Hajiya Zubaidatu ta zubo shayi, shi kuma ya jingina da gindin itaciyar ya ɗauko labari. Labarinsa guda ne, Mirƙaba.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a gefen Ɗanbatta. Ya zo Umra yana saurayi, abokan tafiya suka koma, shi ya tsaya. Ya yi dako a Makka har kafaɗa ta yi kanta. Wata rana wani Balarabe mai farin gemu ya tsayar da akori-kura yana neman mai gadi. Na'ibi ya ɗauka gadin gida ne, ya haye baya. Suka wuce Ɗa'ifa, suka nausa kudu, hanya tana nannaɗewa a jikin dutse kamar rawani, kunnuwansa suna toshewa suna buɗewa. Balaraben shi ne Abdulmohsen, ƙauyensu kuma Mirƙaba.

Idan Baba zai kwatanta ƙauyen sai ya rufe ido, ya shimfiɗa hannu kamar mai shafa tabarma. Ya ce garin a bakin dutse yake zaune, kamar mutumin da ya zauna a kan katanga ya saki ƙafafu. Ta yamma babu komai sai rami, ƙasa ta faɗi ta tafi can Tihama inda zafi yake. Ta gabas kwari ne, a jikinsa aka sassaƙa gonaki hawa-hawa, kowace da katangarta ta dutse. Na ƙasa alkama, na tsakiya rumman, na sama inabi. Rijiyoyi uku. Gidajen ba su kai talatin ba, duk launin dutsen da suke kai, har baƙo kan wuce bai san ya wuce gari ba. Da la'asar sai hazo ya taso daga ramin nan, fari sol, ya hau a hankali, ya cinye gonar ƙasa, ya cinye ta tsakiya, ya shiga lungu-lungu. Mutum yana magana da maƙwabcinsa sai maƙwabcin ya ɓace, murya kawai ta rage.

"Gonakin hawa nawa ne, Baba?" na tambaye shi.

"Kai, Muntari. Wa ya aike ka?"

A saman komai kuma husun yake. Husun gidan tsaro ne na dutse, dogo kamar hasumiya, gindi faɗi, kai tsukakke. Ba siminti ba laka, dutse ne kawai aka ɗora kan dutse har ya kai inda ya kai. Ƙofarsa gajera ce, ko yaro sai ya rusuna. An kewaye 'yan tagoginsa da fararen duwatsu, daga nesa sai ka ce ido ne aka sa wa kwalli a juye. Abdulmohsen ya ba shi labarin cewa kakanninsu zazzaɓi ya koro daga ƙasa, suka hau dutse, kuma husun suka fara ginawa kafin su rufa ɗakunan kwanansu. Kowane gida yana da ɗaki a ciki, inda yake ajiye alkama da zabibi. In mahara sun taso sai a kwashe mata da yara a rufe ƙofa, a hura wuta a sama. Husun ɗin ƙauyen gaba ya gani ya hura tasa, na gaba da shi ma haka, kafin mahara su gama hawowa duk dutsen ya san da zuwansu. An yi faɗa, an kwashe awaki, an ƙona rumbu, amma akwai abin da ko maƙiyi ba ya yi, shi ne sa wuƙa a gindin inabin wani.

"To ni gadin me aka ɗauko ni?" Baba kan ce, yana dariya har da tari. "Birai! Manya, masu jan gindi. Husun ɗin da aka gina don mahara, ni na gaje shi don birai."

Aka ba shi majajjawa da tsohuwar garwa. In inabi ya fara nuna sai ya hau can sama ya zauna, ya ga birai sun fito layi daga bakin rami, babbansu a gaba, ya buga garwa ya sakar musu dutse. Ya ce har suka saba da juna, babban birin kan zauna daidai inda dutse ba ya kaiwa, ya yi tagumi yana kallonsa. In hazo ya zo kuwa, shi da birai duk sai su haƙura. Ya zauna a kan husun kamar a cikin kwale-kwale, fari a gabansa, fari a bayansa, kiran sallah yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Da sanyi ya shigo aikin birai ya ƙare, Abdulmohsen ya miƙa masa wuƙa ya koya masa datsa. A Mirƙaba, in sanyi ya kama, ganyen inabi yakan zube tas, itaciya ta koma kamar busasshen kirare. Suna cewa ta yi barci. A cikin barcin nan ake datse ta, a cikinsa kuma ake yankar sandar da za a dasa. Inabinsu na daban ne, ƙanana, dogaye, launin zuma, fatar siririya har kana hango ƙwallon ciki. Ba ya jure tafiya, kafin ya kai Ɗa'ifa ya fashe. Shi ya sa ba a san shi a kasuwa ba. A kan rufin husun suke shanya shi ya zama zabibi, wanda ya farfashe kuma a zuba a tulu ya zama khal, ruwan tsami na miya. Duk inabin garin daga itaciya ɗaya ya fito, wata tsohuwa a gindin husun da suke kira Uwa.

Na'ibi ya yi ƙuruciyarsa a nan har furfura ta fara leƙowa. Sai ruwa ya yi ƙasa. Rijiya ta farko ta ƙafe, ta biyu ta bi ta. Samari suka sauka Ɗa'ifa da Riyad, gonakin sama suka fara rushewa ɗaya bayan ɗaya. Abdulmohsen ya tsufa, ya kira shi ya ce ba sauran abin da biri zai sata. Al'adar garin ce, baƙon da ya yi musu hidima in zai tafi sai a yanko masa sanda daga jikin Uwa. Tsohon da kansa ya rarrafa ya yanko, tsawon kamu, mai ido huɗu, wato wuraren da toho ke fitowa. Ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ya ba shi.

A Jidda ya yi aikin ban-ruwa a lambunan manyan gidajen Abhur har gwiwa ta ƙi. Ya auri Hajiya Zubaidatu, bazawara haifaffiyar Jidda, mai tuyar waina, wadda Hausarta rabi Larabci ce. Sandar kuwa ya dasa ta a tsakar gida, gefen inda ake alwala. Duk mutanen gidan, su da 'yan haya, a gindinta suke tsugunawa da buta, don kada ruwa ya tafi a banza. Ta kama, ta yi gindi kamar cinyar ƙato, ta yi ganyen da na gani. Sama da shekara ashirin, ko fure ɗaya.

"Ba ta barci," in ji Baba. "Jidda ba ta da sanyin da zai kwantar da ita. Wanda bai yi barci ba kuwa me zai haifa? Ido buɗe take tun ran da na kawo ta."

Sai shekarar da aka fara rushe tsofaffin unguwanni ta zo. Wata safiya na iso na tarar da jan fenti, alamar rusau, a bangon gidan, da na kusa da shi, da layin gaba ɗaya. Mutane suna ta ɗaure katifu. 'Yar Hajiya da ke aure a unguwar Aziziyya ta ce su dawo wurinta, bene hawa na uku, ko ƙasar da za ta cika kwano babu. Baba kuwa ba ɗaki ko kaya ne a ransa ba. Ya zauna ya dafa itaciyar. Jijiyarta ta shige ƙarƙashin gini, ba mai iya tono ta.

Ni ba na iya zama in ga abu zai lalace. Na shiga halaƙa na bi masu rumman na Ɗa'ifa rumfa-rumfa ina tambayar wanda ya san Mirƙaba. Takwas suka ce ba su taɓa ji ba, na tara ya ce akwai wata malama da ta bar koyarwa ta koma can tana gyaran gonakin ubanta. Ya ba ni lambarta. Haifa sunanta, 'yar autar Abdulmohsen. Na kira ta a tsakar gidan Baba, na buɗe murya.

"Ammi Na'ibi?" ta ce da Larabci, wato Baffa Na'ibi. "Ammi Na'ibi mai birai? Kana raye?"

"Ina raye, 'yata. Ke ce mai satar zabibi ta taga?"

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ce babanta ya rasu da daɗewa. Ta ce ruwa ya dawo, an yashe rijiyoyi, ta sayo dashe daga Ɗa'ifa ya kama, amma tsofaffin matan garin sun ɗanɗana sun tofar, sun ce wannan ba nasu ba ne. Uwa ta bushe a shekarun fari, 'ya'yanta na gonaki ma duk sun bi ta. Ta bi sawun duk wanda aka taɓa ba sanda, kowa ya ce tasa ta mutu.

Baba ya ɗaga kai ya dubi ganyen da ke samansa.

"Tawa tana nan," ya ce.

Can ta ce, "Ammi, ka dawo mana da ita."

Bayan an kashe waya na ce to shi ke nan, a kawo wuƙa, gobe in kama hanya. Baba ya girgiza kai. Ya ce sandar da aka yanka a farke ba ta kamawa, kuka take yi, ruwanta ya tsiyaye ta ruɓe. Dole sai ta yi barci. Tunda babu sanyi, sai dai a gwada mata yunwa da ƙishirwa, ko ta gaji ta kwanta. Ya taɓa jin ana yin haka, amma bai taɓa samun zuciyar yi mata ba.

Muka tsige ganyen gaba ɗaya, ni a kan tsani, shi yana nuna mini da sanda. Buhu uku. Na kai wa mutanen Sham, suka murza suka ce ya tsufa. Tsakar gidan ta koma wani iri, rana ta faɗo inda ba ta taɓa faɗowa ba, kowa ya shigo sai ya kare ido da hannu. Baba ya kwashe butoci bakwai ya jera su a bakin ƙofar waje, ya kewaye gindin itaciyar da igiya, ya tara mutanen gida.

"Daga yau ba alwala a nan. Ko ɗigo. Wanda ya zuba mata ruwa, ni da shi."

Hajiya tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. "Ɗayyib," kawai ta ce.

Muka zuba ido. Gidajen layin baya suka fara faɗuwa, ƙarar tana zuwa kamar tsawar da ba ta kawo ruwa. Itaciya kuwa maimakon ta kwanta sai ta fara fitar da sabon toho, jajaye, masu laushi. Na ƙirga goma sha ɗaya, na dawo na tarar sun ninka. Baba ya rasa gane kanta. Ya taɓa ƙasar gindin, a bushe. Ya zargi bututun maƙwabta, ya zargi raɓa.

Wata rana bayan azahar na shigo da ragowar lemo. Baba bai dawo daga masallaci ba. Na tarar da Hajiya a cikin igiya, a tsugune, tana wanke ƙafa a gindin itaciyar. Ta gama, ta juye sauran ruwan butar, ta jawo wani kwano cike da busasshen yashi ta barbaɗa a kai, ta shafe da tafin hannu. Ta juyo muka haɗa ido. Kafin ɗayanmu ya yi magana sai ga sandar Baba ta ƙwanƙwasa dokin ƙofa.

"Zubaida."

Ta miƙe da buta a hannu, ba ta ɓoye ba.

"Na'am, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ɗaura igiyarka." Muryarta ta hau. "Wallahi ma agdar, ban iya ba! Tun da na shigo gidan nan, salla biyar tare muke sha da ita. Yanzu ka tuɓe ta tsirara a rana, ka ce in riƙe buta in wuce tana kallona? Haram alaik, ya shekh! Gobe in aka tambaye ni, abu mai rai ya mutu da ƙishi a gidanki kina da ruwa, kai za ka amsa mini?"

"Ba kashe ta zan yi ba. Kwantar da ita zan yi."

"Haka likita ya ce da mijina na fari."

Na so in yi dariya, na ga fuskar Baba na haɗiye. Ya lallaɓa ya zauna a kan turmi. Ya dubi tohon nan jajaye, ya dubi matarsa.

"Lada kike nema," ya ce a hankali, "kin kuwa samu. Ita ce dai ba za ta je gida ba. Halas."

Hajiya ta ajiye butar, ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. A makon nan aka ce za a yanke wuta da ruwa. Babu sauran lokacin da za a sake gwadawa.

Ina tsaye da ledar lemo, sanyinsa yana ratsa mini hannu, don yanzu na ciro shi daga mota. Motata mai firji ce. Na dubi ledar.

"Baba, wai sanyin nan da take so, kamar yaya yake?"

"Irin wanda in ka yi magana bakinka ke hayaƙi."

"Ai ina da shi a waje. Na ajiye shi a bakin layi."

Bai gane ba sai da na kamo hannunsa. Na buɗe ƙofar bayan motar, farin tururi ya gangaro ya kwanta a kan kwalta. Baba ya tsaya cak. Ya miƙa hannu cikinsa, ya juya tafin. Ya ce in taimaka masa ya hau. Ya zauna a kan akwatin rumman, na ja ƙofa na bar 'yar kafa. Ya hura iska, ya ga hayaƙin bakinsa, ya sake hurawa kamar yaro. Daga nan ya rufe ido ya fara kiran sunayen gonaki, daga ta ƙasa zuwa sama, gonar wane, gonar gwauruwa, gonar da rijiya ke tsakiya, yana ɗaga hannu kaɗan-kaɗan. Da ya kai sama ya yi shiru, kansa a karkace kamar mai sauraron wani abu daga ƙarƙashin ƙafarsa. Injin firji yana ta gurnani. A waje wani yana cigiyar mai ɗaukar kaya. Ban san iya zaman da muka yi ba, sai da na ga leɓensa ya fara rawa na ce, "Baba, mu sauka, kada Hajiya ta ce na kashe mata miji."

"Zai yi," ya ce. "Wataƙila. In ta yi kukan ta gama, sanyin ya kama ta kafin ta ruɓe."

Washegari ya sa na hau can rufin bene, inda rana ta fi gasa rassan har suka yi ja-ja-baƙi. Yana ƙasa yana nunawa, wannan a'a, wancan, na bayansa. Sanda goma sha tara muka yanka. Kowace tana ɗigar da ruwa ta bakin yankan, garau kamar hawaye. Ya kunna kyandir yana ɗiga kaki a kan kowane baki. Ya ce a kawo buhun algarara a jiƙa. Hajiya ce ta kawo, ta tsaya da buta a sama.

"Wannan ruwan an yarda?"

"An yarda."

Ta jiƙa shi sosai, ta naɗe sandunan da kanta kamar mai goya jariri. Kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ji labari ya yi dariya, ya ce in ajiye su a kusurwar babban ɗakin sanyi na halaƙa, bayan akwatunan karas, in dai ba za su ci wuri ba.

Suka koma Aziziyya. Ranar da aka rushe gidan Baba bai je ba, bai kuma tambaya ba. Ni na bi ta wajen daga baya, na hango gindin itaciyar a cikin ɓaraguzai, ya karkace kamar hannu. Ban faɗa masa ba.

Duk Juma'a nakan ɗauko ƙunshin in kai masa ya duba a gurguje, kafin ya ɗumama. Ya shinshina, ya murza ido da babban yatsa. Huɗu suka yi baƙi suka yi wari, ya jefar. Sauran suka yi tauri, idanunsu suka ƙanƙance suka rufe. Wata Juma'a, wajen ƙarshen sanyi, ya daɗe yana juya ɗaya a hannu.

"Ta yi barci," ya ce, da raɗa. "Yalla, Muntari. Ka kai ta kafin ta farka."

Shi ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, hanyar dutse kuwa shingen bincike ne a kanta, don haka ni kaɗai na tafi. Ya yi ta maimaita mini, a kwance-kwance ake dasawa, ido biyu a ƙasa, biyu a sama, kada a juya kai ya koma gindi.

Na tarar da Mirƙaba ƙarama fiye da yadda take a bakinsa. Gidaje da yawa ba rufi. Husun yana nan, sai dai gefe ɗaya na samansa ya zube, tantabaru suna shiga ta tagogi. Haifa ta tare ni da fartanya a kafaɗa, dattijuwa ce mai saurin tafiya, wasu tsofaffin mata uku na biye da ita. Da na kwance buhun, ɗaya daga cikinsu ta ɗauki sanda ta kai hanci, ta ce wani abu da ban ji ba, sauran suka amsa. Muka dasa biyar a gindin husun, inda kututturen Uwa yake, goma a gonar sama. Da muka gama na tsaya a kan katanga na ce bari dai in san hawa nawa ne gonakin nan. Na faro daga sama ina gangarawa da yatsa, sai na ga na ƙasa babu su. Farin abu ya riga ya hau kansu, yana tahowa ba sauri ba tsayawa. Na nemi Haifa, sai muryarta na ji tana cewa in bi bango da hannu, shayi na jira.

Da bazara ta shigo ta kira, ta ce in je wurin Ammi in buɗe hoto. Na tarar da shi a falon 'yar Hajiya, an sa shi a kujera kusa da taga. Na riƙe masa wayar. Cikin goma sha biyar, uku sun kama, biyu a gona, ɗaya a gindin husun. Hajiya ta yi guɗa har jikokinta suka fito.

"Ba shi ke nan ba," in ji Haifa. "Ammi, duba."

Ta matso da wayar jikin wadda ke gindin husun. Tsakanin ganye biyu masu gashi-gashi ga wani ɗan abu kore, bai kai kan ɗan yatsa ba, ƙwayoyi cunkus kamar kan gero tun yana ciki. Nono ne na inabi, na farko.

Baba ya karɓi wayar daga hannuna. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Babban yatsansa yana shafa gilashin.

"Tsinke shi," ya ce.

"Baba!" na ce. "Shekara ashirin da wani abu kana jira! Ka bari ko ƙwaya goma ta nuna, ni zan hau in kawo maka a firji."

"Ba ta da jijiya tukuna. In ta shayar da wannan, ita za ta mutu. Sabon dashe ba a barinsa ya haihu, sai ya shekara uku."

"Ya Malam," Hajiya ta ce, "shekara uku, kai kana ina?"

"Inda Allah ya ajiye ni."

Ta cikin wayar muna jin iska tana kaɗawa. Haifa ta durƙusa, hannunta ya shigo hoton ya tsaya a kan ɗan abin.

"Ammi, ka tabbata?"

"Da farce, 'yata. Kada ki ja, za ki yage ɓawon."

Ta sa farce ta tsinke. Ta ɗora shi a tafin hannu ta nuna mana, ɗan mitsitsi. Baba ya dube shi har ya ƙoshi, ya goge ido da gefen hula, ya gyara zama.

"Yawwa. To tashi mu je gona, ki nuna mini sauran biyun."